TSOHON GINI DA SABON GINI: ABIN DA TARIHI YA KOYA MANA

Godiya da yabo su tabbata ga Allah Uba, wanda ya kiyaye wannan ikkilisiya tun daga ranar da aka kafa ta har ta cika shekara 50.  

A wasu shafuffukan wannan littafi za ku ga sunayen waɗanda suka yi hidima a nan, da hotunan iyayenmu da suka yi barci cikin Ubangiji. Wannan shafi kuwa zancen gini zai yi. Dalili shi ne, kowa ya san majami'armu ta yi mana kaɗan, har wasu sukan yi sujada a waje ƙarƙashin rumfa. Sa'ad da aka gina ta a bakin gari take, yau kuwa gidaje da shaguna sun kewaye ta, ba sauran filin da za mu ƙara. Saboda haka ra'ayi ya kasu biyu. Wasu sun ce a rushe tsohuwar a gina babba a gurbinta, wasu kuma sun ce kada a taɓa ta. Tun da yake abin da aka rushe ba ya komowa, ya kamata kafin a ɗaga diga mu duba yadda waɗanda suka riga mu suka yi da irin wannan al'amari.

KUKA DA SOWA A URUSHALIMA

Wannan gardama ba a kanmu aka fara ta ba. Babiloniyawa sun rushe Haikalin Sulemanu a shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Bayan kimanin shekara 50, waɗanda suka komo daga bauta suka kafa harsashin sabon Haikali. Littafin Ezra sura 3 ya nuna mana cewa a ranar, jama'a da yawa sun yi sowa don murna, amma tsofaffin da suka ga Haikali na fari da idonsu kuka suka yi, har muryoyin suka gauraye. Littafin bai tsauta wa masu kuka ba, bai kuma tsauta wa masu sowa ba. Dukansu jama'ar Allah ne.

Akwai wurare biyu kuma da ya kamata mu riƙe tare. A Joshuwa sura 4, Allah da kansa ya umarta a ɗauko duwatsu 12 daga tsakiyar Urdun a kafa su, domin in 'ya'ya sun yi tambaya nan gaba, iyaye su sami abin da za su nuna su ba da labari. Amma a 2 Sarakuna sura 18, sarki Hezekiya ya farfashe macijin tagulla da Musa ya yi, domin mutane sun fara ƙona masa turare. Ashe abin tunawa yana da amfani muddin yana kai zuciya ga Allah, in kuwa ya tare hanya ya zama gunki. Manzo Bitrus ya koya mana cewa masu bi su ne duwatsun da ake gina gidan Allah da su. Don haka ba muna cewa bango yana da tsarki ba ne. Abin da muke cewa shi ne bango shaida ne, mai hankali kuwa ba ya kore mai ba da shaidarsa.

YADDA KAKANNINMU SUKE GINI

Yaranmu da yawa sun tashi suna ganin ginin ƙasa alamar talauci ne. Wanda ya san aikin magina ba zai faɗi haka ba. Magini yakan zaɓi jar ƙasa, a kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa kafin a mulmula tubali a shanya. Ana jera tubalin kansa sama, bangon kuma da kauri daga ƙasa, yana raguwa yayin da yake hawa. Wannan kauri shi ke sa soro ya yi sanyi da rana cikin bazara, ya riƙe ɗumi da dare cikin hunturu, ba fanka ba lantarki.

Rufin kuwa da azara ake yi, wato itacen giginya da aka faskare, wanda gara ba ta cinsa da sauƙi. Azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce kamar ƙafa 6. Wannan ƙarancin ne ya sa magina suka ƙware wajen bakan gizo da ɗaurin guga: sai su riƙa ɗora azara kan azara suna ɗaurewa, kowace tana ɗan leƙowa gaba, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Da haka suke rufe babban zaure, su ɗora masa tulluwa. Don kare gini daga ruwa suna da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsi na marina da gashin jima da dafara. Indararo kuma ya zubar da ruwan rufi nesa da bango. Sharaɗin ginin ƙasa ɗaya ne, a duba shi kowace shekara kafin damina. Daga nan Bahaushe ya sami karin maganarsa cewa da sabon gini gara yaɓe.

MAJAMI'AR WUSASA

A cikin tarihin bishara a ƙasar Hausa, babu ginin da ya fi nuna mana darajar wannan sana'a kamar majami'ar Bartalamawas Mai Tsarki da ke Wusasa. A 1900 Bishop Tugwell na mishan ɗin C.M.S. ya jagoranci wata ƙaramar ƙungiya har Kano, a cikinsu akwai Likita Walter Miller, wanda mutanenmu suke kira Likita Mila. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, sai suka juyo zuwa Girku. A 1905 Likita Mila ya zauna cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da wurin shan magani. Da aiki ya yi girma, sai aka ƙaura zuwa Wusasa a bayan gari a 1929, ƙarƙashin jagorancin Rabaran Guy Bullen.

Da za a gina ɗakin sujada a sabon wurin, ba a kwaikwayi majami'un Ingila ba. Da tubali da azara aka gina shi, da bakan gizo irin na zaurukan sarakuna, da hannun maginan ƙasar. Wannan ba ƙaramin wa'azi ba ne a zamanin da ake cewa addinin Kirista kayan Bature ne. Duk Bahaushen da ya shiga ya ɗaga kai, zai ga rufi irin wanda ya sani tun yana yaro, ya gane cewa ana iya yi wa Almasihu sujada cikin ɗaki irin na gida. Bayan shekara 3, a 1932, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Mila ya yi shekaru yana fama da shi tare da abokan aikinsa. Wato kusan lokaci guda bishara ta sami harshen Hausa ta kuma sami ɗakin Hausa.

Daga jama'ar da ta taru kewaye da wannan mishan aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon, wanda ya shugabanci Nijeriya a waɗannan shekaru. A 1997 Wusasa ta zama dayosis mai zaman kanta, tsohuwar majami'ar kuwa ba a rushe ta ba. Da a ce an rushe ta a ranar da jama'a suka fi ƙarfinta, da yau sai dai mu ba yaranmu labari da baki. Amma gani ya kori ji.

Ba gini kaɗai ake adanawa ba. 'Yan'uwanmu na E.Y.N. suna ƙidaya tarihinsu daga sujadar da Stover Kulp da Albert Helser suka yi a gindin wata tsamiya a Garkida ran 17 ga Maris 1923, daga nan ne kuma suka lissafa shekara 100 da suka yi bikinta a 2023. Itace ma yana iya zama dutsen tunawa.

DARASI DAGA MAƘWABTANMU

Ba mu kaɗai wannan matsala ta dama ba. Maƙwabtanmu Musulmi sun gamu da ita, akwai kuma abin koyo cikin hanyoyin da suka bi.

A Kano, tsohon masallacin Juma'a na ƙasa mai doguwar hasumiya ya ba da wuri ga sabon ginin siminti a farkon shekarun 1950, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Sabon ya ɗauki jama'a, amma tsohon sai a hoto. Ganuwar Kano ma, wadda Sarki Gijimasu ya fara tun ƙarni na 12, ta sha wahala a hannun masu ɗibar ƙasa da masu gina gidaje, har a 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa hanya, daga baya aka gina sabuwa. Wannan ita ce hanya ta fari: a rushe a sake.

A Zariya an bi hanya ta biyu. Masallacin Juma'a na birnin, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, tsakanin 1834 da 1846, masana suna lissafa shi cikin mafi kyawun ginin ƙasa a Afirka ta Yamma. A shekarun 1970 aka gina sabon masallaci na kankare wanda ya lulluɓe tsohon. Ginshiƙan Babban Gwani da bakan gizonsa sun tsira daga ruwan sama, amma an yi hasarar wasu sassa na harabar, mai wucewa a waje kuma ba zai san abin da ke ciki ba. An ceci ginin, an ɓoye fuskarsa. Wani masanin gini ɗan ƙasar Polan, Zbigniew Dmochowski, ya riga ya auna masallacin ya zana shi dalla-dalla, da wannan awo ne aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Darasi a nan shi ne, awo da zane da aka yi a kan kari suna iya ceton abin da ba a zata ba.

Hanya ta uku tana Dandaji, wani gari a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. Tsohon masallacinsu na ƙasa ya lalace ya kuma yi kaɗan, aka yi niyyar maye gurbinsa. Masu zanen gini biyu, Mariam Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili, suka tsara a gyara tsohon a mai da shi ɗakin karatu, a gina sabo babba a gefensa da bulon ƙasa da aka matse da inji. Magina na gargajiya suka yi aiki tare da su, aka gama a 2018. Yau gine-ginen biyu suna harabar guda, launinsu ya dace da juna, kowanne da aikinsa.

DARASI DAGA ƘASAR WAJE

A daren 14 ga Nuwamba 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Jamus suka yi wa birnin Kobantiri na Ingila ruwan bama-bamai, babbar majami'ar birnin ta ƙone, sai bangaye da hasumiya suka rage. Bayan yaƙi aka yi gasar zanen sabuwa, Basil Spence ya ci a 1951. Shawararsa ita ce a bar kangon yadda yake, a gina sabuwar a gefensa, a haɗa su da babbar rumfa. Ya yi amfani da jan dutse mai kama da na tsohuwar, amma fasalin ginin na zamaninsa ne, bai kuwa bar sabuwar ta kere tsohuwar hasumiya ba. Aka keɓe ta a 1962. Mai zuwa sujada yakan ga kangon kafin ya shiga sabon ɗaki, ya tuna da mutuwa da tashi ba tare da kowa ya yi masa wa'azi ba.

Bayan shekara 2, a 1964, masana gyaran tsofaffin gine-gine suka taru a birnin Benis na Italiya suka tsara ƙa'idodin da ƙasashe da yawa suke bi. Biyu daga ciki sun shafe mu. Ta fari, tsohon gini ba ya rabuwa da muhallinsa, don haka kada a kafa wani abu kusa da shi wanda girmansa ko launinsa zai danne shi. Ta biyu, abin da aka ƙara sabo ya dace da tsohon, amma a iya gane cewa sabo ne, kada a yi wa 'yan baya ƙarya. A nan Nijeriya ma akwai doka tun 1953 game da kayan tarihi, a 1979 kuma aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Sai dai hukuma ba za ta iya tsaron kowace majami'a ba. Yawancin gine-gine irin namu ba su da mai tsaro sai masu su.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

Ya 'yan'uwa, shekara 50 ba ta kai ta Wusasa ko ta Zariya ba, majami'armu kuma ba Babban Gwani ne ya gina ta ba. Amma kowane gini mai shekara 100 sai da ya tsallake shekararsa ta 50, a lokacin ne kuwa ya fi shiga haɗari, domin ya tsufa har an raina shi, bai kuma tsufa har a girmama shi ba. Iyayenmu da aikin gayya suka tā da wannan ɗaki. Maza suka yi bulo, mata suka ɗebo ruwa a ka, aka tara baiko kwabo da sisi aka sayi kwano. A nan aka yi wa da yawanmu baftisma, aka ɗaura mana aure, daga nan kuma aka raka iyayenmu makwancinsu. Mun san yadda tarzomar 1987, da ta 1992, da ta 2000 suka cinye majami'u da masallatai a Arewa, wasu har da littattafan rajistarsu. Abin da Allah ya tsare mana daga wuta, bai kamata mu miƙa wa diga ba tare da dogon tunani ba.

A ɗaya gefen kuma, masu neman sabon gini suna da gaskiya. Bai kyautu tsohuwa ta zauna cikin rana tana leƙen mai wa'azi ta taga ba, ikkilisiyar da ta ƙi yin wuri domin 'ya'yanta kuwa za ta wayi gari sun watse. Saboda haka muna miƙa waɗannan shawarwari ga majalisar dattawa da kwamitin gini:

1. Kafin a yanke kowace shawara, a kira injiniya ya duba lafiyar tsohon ginin, a auna shi, a zana shi, a ɗauki hotunansa ciki da waje. A kuma zauna da tsofaffin da suka yi aikin ginin a ɗauki muryarsu tun suna tare da mu.

2. A gaya wa mai zanen gini tun farko cewa muna so tsohuwar majami'a ta tsaya. In ba a faɗa masa ba, share fili zai zana, don shi ya fi sauƙi. Inda fili ya yi kaɗan, bene na cikin majami'a yakan ƙara wurin zama ba tare da an ci ƙasa mai yawa ba.

3. Sabon ginin ya ja baya kaɗan, ya bar fili tsakaninsa da tsohon, domin mai shigowa ta ƙofar harabar ya ga tsohon, jama'a kuma su sami wurin gaisawa bayan sujada. Ɓangaren da ke kusa da tsohon ya zama mafi gajarta, tsayin ya ƙaru can nesa.

4. A kula da ruwa ƙwarai. Sau da yawa sabon gini yakan kashe tsoho ta wurin zuba masa ruwan rufinsa, ko ta wurin cika ƙasa har daɓen tsohon ya koma rami. A gina magudana tun farko, kada kuma a haƙa harsashi dab da tsohon bango.

5. Wajen gyara, a yi amfani da irin kayan da aka yi ginin da su. Inda bangon ƙasa ne, yaɓen siminti yakan kulle damshi a ciki, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye har wata rana yaɓen ya ɓamɓaro da shi.

6. Launi da fasalin tagogi da ƙofofi su yi zumunci da na tsohon, amma kada a yi ƙoƙarin sa sabon ya yi kamar tsoho. A bar manyan tagogi masu fuskantar juna don iska, gama ba kullum ake samun lantarki ba. Itatuwan da iyayenmu suka dasa kuma a zana ginin ya kauce musu.

7. A ba tsohon ɗakin aiki. Ɗakin da aka kulle shi ne jemage da gara suke gada. Yana iya zama wurin addu'ar safe, da makarantar Lahadi, da ajin baftisma, da ma'ajiyar rajista da hotuna da tsohuwar ƙararrawa. A ware masa ɗan kuɗi cikin kasafin kowace shekara domin gyara kafin damina.

KAMMALAWA

A Littafin Firistoci sura 25, shekara ta 50 ita ce shekarar da kowane Ba'isra'ile yake komawa ga gādon gidansu, ƙasar da aka sayar ta komo hannun masu ita. Daga nan muka samo kalmar Jubili. Zai zama abin mamaki in a shekarar komawa ga gādo ne muka rabu da namu. Yara ƙanana da suke rera waƙa a gabanmu yau, su ne za su zama dattawa sa'ad da wannan ikkilisiya za ta cika shekara 100, in Ubangiji bai komo ba. Za su ga babbar majami'ar da muka gina musu, su gode. Muna fata za su ga ƙaramar a gefenta, jikokinsu su tambaye su ko wane ne ya gina ta, su kuwa su sami abin faɗi.

Bari masu kuka da masu sowa a cikinmu su zauna a tabarma ɗaya su yi shawara cikin ƙauna, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah wanda ya bi da iyayenmu ya ba shugabanninmu hikima, ya sa albarka a aikin hannuwanmu, cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.